Binciken tamowa daga Maraɗi zuwa Soron Ɗinki: abin da ƙidayar ambato ke nunawa da abin da take ɓoyewa

Idan uwa ta fito daga wani lungu na Soron Ɗinki da yaro a goye, ya rame, ƙafafunsa sun zama kamar sillen kara, ta nufi asibitin yara na Hasiya Bayero ko wata cibiya da ke karɓar masu tamowa, akwai tsarin da ƙa'ida ta tanadar mata. Ma'aikaciyar lafiya za ta zagaya damtsen yaron da ɗan siririn ma'auni mai launi uku. In awon ya gaza santimita 11.5, ya faɗa ja ke nan, wato tamowa mai tsanani. In yaron yana iya haɗiye abinci, kuma babu wata cuta da ta kwantar da shi, ba za a ba shi gado ba. Za a ba uwar ƙunshin abincin tamowa, gyaɗar nan da ake kwaɓawa da madarar gari da sukari da mai, a haɗa mata da maganin amoxicillin na 'yan kwanaki, a ce ta dawo mako mai zuwa.

Abincin, da maganin, da dawowar mako-mako, duk ukun an taɓa ɗora su a kan sikelin gwaji, kuma a kan 'ya'yan Hausawa aka yi gwajin: biyu a jihar Maraɗi ta Jamhuriyar Nijar, ɗaya a Sakkwato. Sunan mace guda ne ke kan takardun uku: Sheila Isanaka, malama a sashen ilimin abinci mai gina jiki na makarantar kiwon lafiyar al'umma ta Jami'ar Harvard a Amurka, wadda ta daɗe tana aiki da Epicentre, cibiyar bincike ta ƙungiyar likitocin agaji ta MSF. Da wuya a sami wanda ya san sunanta a majalisun cikin birni. A duniyar masana kuwa, ayyukanta sun fito a JAMA da New England Journal of Medicine, mujallun da ke sahun gaba wajen yawan ambato a fagen likitanci.

Aikinta ya cancanci a duba shi a Kano saboda wata al'ada da ta kama jami'o'in Najeriya. Duk shekara, da zarar an fitar da jerin masanan da aka fi ambaton ayyukansu, wanda Farfesa John Ioannidis na Jami'ar Stanford ya fara haɗawa a 2019 daga rumbun bayanan Scopus, sai shafukan Facebook su cika da taya murna. Jami'a ta lissafa nata, jiha ta lissafa nata. Abin alfahari ne, ba a musu. Sai dai ba kasafai ake tsayawa a tambayi abin da aka ƙirga ba.

Abin da ake ƙirgawa mai sauƙi ne. Duk lokacin da wani masani ya rubuta takarda ya kawo sunan takardar wani a cikin madogararsa, an sami ambato ɗaya. A 2005 wani masanin kimiyyar fiziks, Jorge Hirsch, ya ƙirƙiro ma'aunin da ake kira h: wanda ma'auninsa ya kai 30, yana da takardu 30 da aka ambaci kowacce aƙalla sau 30. Ma'aunin bai san dalilin ambaton ba. Wanda ya kawo takarda don ya yaba mata da wanda ya kawo ta don ya rushe ta, ladansu ɗaya a wurin mai takardar. Haka kuma bai san ko wani kwamishina ya taɓa karanta ta ba.

Gwaji uku, amsa uku

Tarihin ya faro ne daga yunwar 2005 a Nijar. A shekarar, MSF ta yi jinyar yara fiye da 60,000 masu tamowa mai tsanani, mafi yawansu a jihar Maraɗi, kuma galibinsu a gida aka yi jinyarsu da abincin Plumpy'Nut, wanda likitan Faransa André Briend da kamfanin Nutriset suka ƙirƙiro a tsakiyar shekarun 1990. Kafin wannan, sai an kwantar da yaro da uwarsa makonni ana ba shi madara ta musamman. Ganin an warkar da dubbai ba tare da gado ba, sai tambaya ta biyu ta taso: me zai hana a ba yaro abincin tun bai faɗa ba?

Ita ce tambayar da takardar Isanaka ta Janairun 2009 a JAMA ta amsa. An ɗauki ƙauyuka 12 a Maraɗi, aka raba su ta hanyar ƙuri'a, shida da shida. A rukuni ɗaya, yaran da ba su kamu ba sun riƙa samun ƙunshi ɗaya kullum tsawon wata uku, daga Agusta zuwa Oktoban 2006, lokacin da rumbuna suka yi ƙasa, sabon gero bai gama shigowa ba. Yara 3,533 aka bi. Sababbin masu rama sun ragu da kashi 36 cikin ɗari, masu rama mai tsanani kuma da kashi 58. Amma ba a ga raguwar mace-mace da za a iya dogara da ita ba, kuma masu binciken sun faɗi hakan ƙarara. Masu neman kuɗin agaji sun fi son jimlar farko. Masu riƙe da lalita sun fi riƙe ta biyu. Kowane ɓangare ya ambaci takardar.

Gwaji na biyu ya fi tayar da ƙura. A 2013 wasu masana, Indi Trehan da Mark Manary da abokan aikinsu, sun wallafa sakamakon gwajin da suka yi a Malawi, wanda ya nuna cewa ba yaro mai tamowa maganin kashe ƙwayoyin cuta yana ƙara warkewa, yana rage mutuwa. A shekarar ce Hukumar Lafiya ta Duniya ta jaddada shawarar a riƙa ba kowane irin wannan yaro amoxicillin. Isanaka da abokan aikinta suka gwada maganar a cibiyoyin lafiya huɗu na gundumar Madarunfa, wadda ke dab da iyakar Katsina, daga Oktoban 2012 zuwa Nuwamban 2013. Yara 2,412 suka shiga. Rabi aka ba su maganin na kwana bakwai, rabi aka ba su abin da ya yi kama da shi amma babu sinadarin magani a ciki, kuma daga iyaye har ma'aikata babu wanda ya san wa ya sami wanne. Da sakamakon ya fito a Fabrairun 2016, waɗanda suka warke a ɓangaren magani kashi 65.9 ne, a ɗaya ɓangaren kashi 62.7, tazarar da ba ta kai a ce maganin ne ya haifar da ita ba. Abin da maganin ya yi shi ne rage yawan yaran da sai da aka mayar da su gadon asibiti, da kashi 14.

Me ya sa Malawi da Madarunfa suka saɓa? Yaran ba iri ɗaya ba ne. A Malawi mafi yawansu masu kumburi ne, kuma cutar ƙanjamau ta yi yawa a cikinsu. A Madarunfa masu rama ne zalla, ƙanjamau kuma ƙalilan. Masu binciken na Nijar sun kammala da sharaɗi: inda akwai ingantaccen tsarin sa ido da gadon da za a garzaya da yaro in ya rikice, ana iya tunanin daina ba kowa maganin, don a rage kashe kuɗi da haɗarin ƙwayoyin cuta su saba da shi. Hukumar Lafiya ta Duniya ba ta janye shawararta ba, har a sabuwar ƙa'idarta ta 2023. Ga takarda a mujalla mafi daraja, ana ta ambatonta a muhawara, amma abin da ake miƙa wa uwa a tagar magani bai canza ba.

Ba gazawa ba ce. Sharaɗin nan shi ne zuciyar maganar, kuma sharaɗi ne na siyasa. A Madarunfa akwai MSF da motocinta da gadajenta. Duk wanda zai ɗauko sakamakon ya kawo shi Kano, sai ya fara amsa ko cibiyoyin lafiya na mazaɓu 484 na jihar suna da abin da zai kama yaron da ya rikice da tsakar dare.

Gwaji na uku a gida aka yi shi. A cibiyoyin lafiya goma a jihar Sakkwato, tsakanin 2018 da 2019, an gwada ko za a iya sauƙaƙa wa iyaye mata, su riƙa kawo yaro sau ɗaya a wata maimakon kowane mako, bayan an koya musu yadda za su lura da shi a gida. Tunani ne mai jan hankali ga duk wanda ya san kuɗin mota da layin asibiti da aikin gida da ke jiran mace. Yara kusan 4,000 suka shiga, aka wallafa sakamakon a mujallar PLOS Medicine a 2022. Waɗanda ake gani wata-wata ba su kai na mako-mako warkewa ba. Amsar ita ce a'a, ko kuma a'a sai inda babu makawa. Irin wannan amsa ba ta jawo taron manema labarai, amma ita ce ke hana wani ofis yanke shawarar rage kuɗi da sunan sauƙaƙawa.

Akwai wuri ɗaya da ambato da tasiri suka tafi tare ba gardama. A 2017 Isanaka, tare da Ousmane Guindo na cibiyar Epicentre a Nijar da wasu, sun nuna a Madarunfa cewa wata rigakafin ƙwayar rota mai haddasa gudawa, wadda kamfanin Serum Institute na Indiya ya haɗa don ta jure zafi, tana kare jarirai daga gudawa mai tsanani da kashi 66.7. A 2018 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da ita. Gudawa da tamowa kuwa ɗan juma ne da ɗan jummai.

Lambar da ke yanke yawan katan

Cikin ayyukanta duka, wanda ya fi kusa da aljihun gwamnatin Kano ba ya cikin waɗanda jaridu suka yi wa kanu. Lissafi ne.

Idan masu ƙidaya suka zaga gari suka auna yara, abin da suke samu hoton rana guda ne: yara nawa ke da tamowa mai tsanani a yau. Amma mai sayen abincin tamowa yana bukatar sanin yara nawa za su kamu a cikin shekara, domin wasu za su warke, wasu su rasu, wasu sababbi su faɗa. Don cike wannan giɓi, shekara da shekaru hukumomi suna amfani da lamba guda, 1.6. An samo ta ne daga tsofaffin bayanai na Senegal da Kwango, waɗanda suka nuna cewa tamowar da ba a yi wa magani ba tana ɗaukar kimanin wata bakwai da rabi. A raba wata 12 da bakwai da rabi, a sami 1.6. Ma'ana, in ƙidaya ta sami yara 1,000 yau, a ƙara musu 1,600, a shirya wa 2,600.

A 2021 Isanaka da abokan aikinta suka wallafa nazarin bayanai daga wurare 352 a ƙasashe 20, a mujallar BMJ Global Health. Lambar da suka samu 3.6 ce, kuma ta bambanta ƙwarai daga ƙasa zuwa ƙasa. Da wannan lamba, yara 1,000 ɗin nan na nufin a shirya wa 4,600. Tun kafin nan, wani nazari da aka yi da bayanan arewacin Najeriya ya riga ya nuna cewa tsohuwar lambar ta yi wa yankin kaɗan matuƙa. Tun da katan guda mai ƙunshi 150 shi ne kimanin abin da yaro ɗaya ke bukata ya warke, bambancin lambobin biyu a kan kowane yara 1,000 katan 2,000 ne. Jami'in da ya yi kasafi da tsohuwar lamba, kayansa za su ƙare tun damina ba ta raba ba, sa'annan a ce an sace, ko a ce iyaye sun yi yawa. Satar ma tana faruwa, domin an sha kama abincin tamowa a kasuwannin Arewa ana sayar da shi kamar alewa. Amma ko ba a ɗauki ƙunshi ɗaya ba, lissafin da aka faro da kuskure ba zai kai ƙarshen shekara ba.

Ma'aunin h ba shi da hanyar bambanta wannan takarda da wata. A wurinsa duk ambato ambato ne.

Sunan wa ke gaba

Wani abin da ƙidayar ke rufewa shi ne rabon lada. A takardun kimiyyar lafiya, suna na farko da na ƙarshe su ne masu nauyi, kuma a manyan gwaje-gwajen Maraɗi waɗannan gurabe sun fi komawa Boston da Paris. Likitoci da masana 'yan Nijar suna cikin jerin, sai dai galibi a tsakiya. Ma'aikatan jinya da masu bi gida-gida da suka auna dubban damatsa, da iyayen da suka yarda a gwada magani a kan 'ya'yansu, ba su cikin lissafin kwata-kwata. Wannan ba laifin mutum guda ba ne. Haka kuɗin bincike ke gudana, daga inda aka ba da shi ake zana tambayar.

Malamin Jami'ar Bayero da ke nazarin sinadaran kunun gyaɗa, ko zogale, ko garin da ake haɗa wa yara da gero da waken suya, yana fafatawa ne a wani fili dabam. Gwaji mai yara 2,000 yana cin kuɗin da sashensa bai taɓa gani ba. Manyan mujallu da dama suna karɓar dubban daloli kafin su buɗe takarda ga kowa. Mujallun gida da yake iya kaiwa gare su, da yawansu ba su cikin rumbun Scopus, don haka ko an ambace shi a can, jerin Stanford bai gani ba. Ga kuma tsarin ƙarin girma da ke ƙirga yawan takardu, wanda ke tura malami ya yanka bincike ɗaya gida uku. Sakamakon shi ne tarin ƙananan nazarce-nazarce masu bayyana girman matsalar, da ƙarancin gwaje-gwajen da ke cewa wannan hanya ta fi waccan. Tun a 2012 wasu masana da editoci suka tsara sanarwar San Francisco, suna kira da a daina auna malami da sunan mujallar da ya shiga. Kiran bai kai ga yawancin kwamitocin ƙarin girma ba.

Ba a ce Kano ba ta iya ba. Farfesa Hadiza Galadanci ta Jami'ar Bayero tana cikin jagororin manyan gwaje-gwaje kan zubar jini bayan haihuwa da ƙarancin jini ga masu ciki, waɗanda aka yi a asibitocin Kano aka kuma wallafa a manyan mujallu. Inda aka sami kuɗi da tsari, aikin yana fitowa.

Farfesa a gidan gwamnati

Kano ta taɓa yin abin da jihohi kaɗan suka yi: ta kai masanin abinci mai gina jiki kujera ta biyu a jiha. Farfesa Hafiz Abubakar na Jami'ar Bayero, wanda ya taɓa zama mataimakin shugaban jami'ar, ya zama mataimakin gwamna a Mayun 2015, ya ajiye muƙamin a Agustan 2018 a tsakiyar rikicin Kwankwasiyya da Gandujiyya. A shekarar da ya sauka, babban binciken lafiya na ƙasa ya sami kusan kashi 57 na yaran Kano 'yan ƙasa da shekara biyar a tsumbure, wato tsawonsu bai kai na shekarunsu ba saboda daɗaɗɗen rashin abinci mai kyau. Zalunci ne a ɗora masa wannan adadi. Tsumburewa tana ginuwa ne tun daga ciki zuwa shekara biyu, kuma mataimakin gwamna a Najeriya ba shi ke sa hannu a fitar da kuɗi ba. Abin da zamansa ya nuna shi ne ilimi yana iya shiga har zauren majalisar zartarwa ya zauna, amma bai zama layi a kasafi ba sai mai alƙalami ya so.

Binciken 2023 zuwa 2024 ya nuna adadin Kano ya sauko zuwa kusan kashi 52, yayin da na ƙasa baki ɗaya ya tashi daga 37 zuwa 40. A tsakanin, Kano tana cikin jihohin da suka amfana da shirin Bankin Duniya na dala miliyan 232 kan abinci mai gina jiki da aka amince da shi a 2018. Gwamnatin Abba Kabir Yusuf ta sake buɗe asibitin Hasiya Bayero a 2023, ta kuma zuba naira miliyan 500 a asusun da UNICEF ke ninka duk abin da jiha ta saka. Mataki ne na gaske. Sai dai a farashin dala 45 zuwa 50 kowane katan, naira biliyan ɗaya ba ta wuce katan dubu goma sha 'yan kai ba, a ƙasar da UNICEF ta daɗe tana cewa yara kusan miliyan biyu na fama da tamowa mai tsanani, kuma biyu cikin goma ne kawai ke samun magani. Abin mamaki, ana sarrafa wannan abinci a cikin Kano, a kamfanin NutriK, a garin da dalar gyaɗa ta taɓa zama tambarinsa.

Lokacin ma ya canza. A 2025 Amurka ta rushe hukumarta ta USAID, wadda ke cikin manyan masu sayen abincin tamowa a duniya, wasu ƙasashen Turai kuma suka rage agaji. A watan Yulin shekarar MSF ta sanar da cewa yara 652 sun rasu a cibiyoyinta na Katsina cikin wata shida na farko. Kuɗin da ke sayen katan daga waje shi ne kuma ke biyan gwaje-gwaje irin na Madarunfa da Sakkwato. In ya janye, abincin da binciken suna iya tafiya tare.

Wannan ya bar wa Majalisar Dokokin Kano da matasan da ke bibiyar kasafi tambayoyin da ba sa bukatar digiri. Da wace lamba Ma'aikatar Lafiya ta lissafa yaran da za su kamu a bana, 1.6 ko wadda ta fi ta? Katan nawa lissafin ya bayar, nawa aka saya, kuma a wane wata suka iso? Cibiyoyi nawa a ƙananan hukumomi 44 ne ke iya ganin yaro kowane mako, kamar yadda gwajin Sakkwato ya nuna ya fi? Takardar 2021 da ta Sakkwato duk a buɗe suke a intanet kyauta, kuma lokacin kare kasafi a gaban kwamitocin majalisa yana zuwa ne a ƙarshen kowace shekara, watanni kafin rumbuna su sake yin ƙasa.